Darasin Juma'a: Mai Neman Haƙƙin Jama'a Ya Fara Duba Mudunsa

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. 

Duk wanda ya zo zaman da muka yi ranar Lahadi bayan la'asar ya ga yadda aka tashi. Mun taru ne a kan abubuwa biyu da suka dame mu a nan Ibadan: yawan kuɗin tikiti da ake karɓa a hannun masu sauke kaya, da kamen yaranmu 'yan acaba. Kowa ya yarda akwai cuta a ciki. Amma kafin a kai ga rubuta takardar koke, murya ta hau sama. Wani matashi ya ce wa dattijon da ya haife shi an saye shi. Wani dattijo ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya. Aka watse ba addu'a, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Mu da ke riƙe da littafin masallaci mun koma gida da farar takarda, kuma ba za mu ɓoye ba, mu ma mun ɗaga murya a wurin.

Shi ya sa Liman ya ce darasin wannan makon ya tsaya a kan halin mai fafutuka. Neman haƙƙi wajibi ne, babu mai cewa a bari. Tambayar ita ce, mu da za mu je nema, yaya halinmu yake idan ba kowa yana kallo?

Asalin abin a Makka

Malaman tarihi sun kawo cewa kafin aiko Annabi (SAW), wani ɗan kasuwa daga Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka. Wani babba a garin, Al-As ɗan Wa'il, ya karɓi kayan ya hana kuɗin. Baƙon ya bi manya yana roƙo, babu wanda ya kula shi, don ba shi da dangi a garin. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubais ya ɗaga murya ya faɗi cutar da aka yi masa. Zubairu ɗan Abdulmuɗɗalib, baffan Annabi, ya miƙe. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi alkawarin za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, sai an mayar masa da haƙƙinsa. Suka je suka karɓo wa mutumin kayansa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Annabi (SAW) ya halarta yana saurayi ɗan kimanin shekara 20, kuma bayan zuwan Musulunci ya yabi alkawarin, ya nuna da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa.

To 'yan uwa, wannan baƙon ai mu ne. Ɗan kasuwa ne a garin da ba nasa ba. Amma mu lura da abu biyu. Waɗanda suka tsaya masa ba 'yan garinsu ba ne, 'yan garin wanda ya cuce shi ne. Sannan saurayin da ya zauna a wannan taro, mutanen Makka sun riga sun san shi da Al-Amin, mai amana. Halinsa na yau da kullum ya riga maganarsa isa wurin mutane. A kan haka za mu bi jarrabawowin nan ɗaya bayan ɗaya.

Jarrabawa ta farko: mudu da bashi

Allah ya saukar da sura guda mai suna Muɗaffifina, ya buɗe ta da narko a kan masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Ibn Abbas ya ce lokacin da Annabi (SAW) ya iso Madina mutanenta na da matsalar awo, da surar ta sauka suka gyara.

Mu tambayi kanmu. Kwandon tumatir ɗin da muka jera manya a sama, me ke ƙasansa? Mudun da muke saye da shi, shi ne wanda muke sayarwa da shi? Ɗan dakon da ya sauke mana buhun albasa tun asuba, mun sallame shi ko mun ce ya dawo da yamma, da yamma kuma mu ce gobe? Manomin da ya ɗoro mana kaya daga Kadawa ko Ɗanja bisa amana, mun gaya masa ainihin farashin da aka sayar? Kuɗin makarantar allon yaranmu, wata nawa malam yake bin mu?

Wani zai ce me ya haɗa wannan da tikiti? Ya haɗa. Mai karɓar tikiti biyu a kaya ɗaya da mai ajiye mudu biyu a rumfa ɗaya, sana'arsu guda ce, ƙarfi ne kawai ya bambanta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma ko ta fuskar dabara, matar nan Bayarabiya da take sayen barkono a wurinmu shekara da shekaru, ita ce za ta faɗa a unguwarsu ko mu mutanen kirki ne ko a'a. Ranar da muka shiga ofis da koke, shaidarta ta riga mu shiga.

Jarrabawa ta biyu: waya

Aya ta 6 a suratul Hujurati ta umarce mu da bincike idan labari ya zo daga wanda ba a amince da shi ba, don kada mu afka wa mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Imam Muslim kuma ya kawo hadisin da ke nuna cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan kaɗai ya ishe shi zama maƙaryaci.

A watannin baya wani bidiyo ya shigo guruf ɗin WhatsApp na masallaci, an ce ana ƙona motar 'yan Arewa a hanya. Cikin ɗan lokaci wasu sun fara rufe rumfa, mata sun je makaranta ɗauko yara, iyaye daga gida suna ta bugo waya. Da muka kira direbobinmu da ke kan wannan hanyar, suka ce lafiya lau suke tafiya. Tsohon bidiyo ne, kuma ba ma a jihar nan aka ɗauka ba. Wanda ya turo ba mugu ba ne, kishi ne ya ɗebe shi. Mu ma da muke kula da guruf ɗin mun yi jinkirin gogewa, wannan laifinmu ne.

Ka'ida uku muke roƙo a riƙe. Kafin ka tura, tambayi kanka: wa ya gani da idonsa? Yaushe? A ina? In ba ka da amsar ukun nan, bar shi a wayarka ka kira ɗan kwamiti. Wanda ya tura ƙarya sau biyu, ranar da gaskiya ta same shi babu mai tashi.

Jarrabawa ta uku: kuɗin jama'a

Duk fafutuka tana cin kuɗi: lauya, beli, mota, buga takarda. A nan ake gane mutum. Annabi (SAW) ya aiki wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, ai sai ya ga ko kyautar za ta zo. Haka nan bayan yaƙin Khaibara, wani mai hidima ya mutu da kibiya, mutane suna yi masa barka da shahada, Annabi (SAW) ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya fa.

Idan an tara dubu ɗari don belin yaro, aka kashe tamanin, ina ashirin? Idan jami'i ya ba wakilanmu kuɗin mota bayan zama, na aljihunsu ne ko na asusu? Idan ɗan siyasa ya aiko da buhunan shinkafa a raba, gidan wa ake fara kaiwa? Daga wannan watan, da yardar Liman da kwamiti, za mu riƙa liƙa lissafin asusun taimako a allon sanarwa kowace Juma'ar ƙarshen wata, da rasit. Wanda ya tambayi lissafi bai zagi kowa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Jarrabawa ta huɗu: idan namu ne mai laifi

Wannan ta fi ɗaci. Aya ta 135 a suratun Nisa'i ta ce a tsaya da adalci ko da a kan kanmu ne, ko iyaye, ko dangi. Lokacin da wata mata daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata, aka turo Usama ɗan Zaid, wanda Annabi (SAW) yake matuƙar so, ya nema mata sassauci. Annabi (SAW) ya ƙi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne ƙyale mai daraja in ya yi laifi da hukunta mai rauni. A wani hadisin na Bukhari ya koyar da cewa taimakon ɗan uwanka azzalumi shi ne ka hana shi zaluncin.

Yaranmu 'yan acaba ana kama da yawansu ba gaira ba dalili, wannan gaskiya ne. Amma akwai wanda ya bi hannun da ba nasa ba ya buge tsohuwa ya gudu. Akwai mai shaye-shaye. Idan muka je caji ofis muka rantse cewa duk yaranmu salihai ne, jami'in ya san ƙarya muke, kuma gobe in mun zo a kan wanda aka zalunta da gaske, da wannan idon zai kalle mu. Wakilin da zai iya cewa wannan yaron namu ne kuma ya yi laifi, ga iyayensa za su biya maganin wadda aka buge, shi ne ake saurara ranar da ya ce wancan kuma ba shi da laifi.

Abin da Sasa ta koya mana

Ba sai an ba mu labari ba. A watan Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Sasa da ke ƙaramar hukumar Akinyele. Mafarinsa cacar baki ce a kan kayan da suka zube a gaban wani shago. Daga nan aka rasa rai, daga nan wuta. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje na Hausawa da na Yarbawa, jama'a da yawa suka fake a gidan Sarkin Sasa, wasu suka hau mota suka koma gida. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnonin Kano, Kebbi, Neja da Zamfara suka zo har garin nan. A ƙarshen watan ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu na kusan mako guda, aka janye a farkon Maris. A kwanakin nan tumatir da albasa sun yi tsada a nan, amma a Arewa farashinsu ya faɗi, manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya yi asara.

Ba mun kawo wannan don ɗora wa wani laifi ba ne, ko don tayar da mikin da ya fara warkewa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Darasi uku muke so mu ɗauka. Na ɗaya, abin da ya ci dukiya mai yawa ya faro ne daga minti biyar na fushi tsakanin mutum biyu. Annabi (SAW) ya koyar da cewa mai ƙarfi na gaske shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ɗan dakon da ya ce yi haƙuri Mama, ya sunkuya ya kwashe abin da ya zubar, ya yi wa al'umma aikin da kwamiti goma ba za su yi ba. Na biyu, a cikin wutar nan akwai maƙwabtan da suka ɓoye maƙwabtansu ba tare da duba yare ba. Aya ta 8 a suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, kuma Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa babu mai ɗaukar laifin wani. Wanda ya cuce mu yana da suna, ba a ce da shi ƙabila. Da yawa daga mutanen garin nan ma Musulmi ne, sahu ɗaya muke tsayawa da su. Na uku, kowane mataki yana da wanda zai biya kuɗinsa. Kafin mu ce a rufe kasuwa, mu tuna da mai tura baro wanda in bai fita yau ba gidansa ba a ɗora tukunya.

Kada mu manta tsawon hanya

A shekara ta 6 bayan hijira Annabi (SAW) ya fito da sahabbai kimanin 1,400 don yin umara, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Aka yi sulhu da sharuɗɗan da a ido kamar an ƙware Musulmi: su koma ba umara sai baɗi, kuma wanda ya gudo daga Makka a mayar da shi. Sayyidina Umar ya ji zafin abin ƙwarai, ya je ya tambayi Annabi (SAW), ya je ya tambayi Sayyidina Abubakar. Bayan shekara biyu aka shiga Makka da mutum 10,000. Umar da kansa ya riƙa yin ayyukan alheri daga baya saboda maganar da ya yi a ranar.

Matasanmu, kishinku abin so ne, kuma ba don ku ba da wasu abubuwan ba a taɓa ɗaga su ba. Amma dattijon da ya ce a bi a hankali ba lallai an saye shi ba. Wataƙila ya ga abin da ba ku gani ba, ya binne waɗanda ba ku sani ba. Unguwar Sabo ta garin nan tun 1916 take. Kakanninmu masu fataucin goro da shanu sun zauna fiye da shekara ɗari da haƙuri da iya zama da mutane. Iyayenmu dattawa, ku ma ku ba yara dama su gama magana. Umar ya yi tambaya mai zafi, ba a kore shi daga majalisa ba, an ba shi amsa.

A kusa da mu akwai Malam Aminu Kano. An kafa NEPU a 1950, ya yi ta gwagwarmayar talakawa har ya rasu a 1983. Ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979 bai ci ba. Amma ko waɗanda suka yi adawa da shi sun shaida bai tara abin duniya ba, kuma gidansa na Gwammaja yana nan kowa ya je ya gani. Wannan shaidar ce ta sa har yau ake jin maganarsa.

Gida da niyya

Akwai ɗan uwan da kullum yana taro, yana caji ofis, yana kan waya har tsakar dare, amma uwargida ba ta ga kuɗin cefane ba, yara ba su ga fuskarsa ba, asuba ta wuce shi. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Wanda yake yi wa jami'i wa'azin tausayi da rana, ya dawo gida yana daka wa matarsa tsawa da dare, ya sake lissafi. Iyaye mata, ku ma kuna da baki a wannan magana, don in abu ya ɓaci ku da yara kuke fara shan wuya.

Sai niyya. Muslim ya kawo hadisin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama: wanda aka kashe a fagen fama, da malami, da mai kyauta, duk saboda sun yi ne don a faɗa. Ga gwaji mai sauƙi. Idan aka biya buƙatarmu amma sunan wani aka ambata, za mu yi murna? Idan ba a sa mu a cikin wakilai ba, za mu ci gaba da ba da gudummawa, ko za mu buɗe wani guruf mu fara sukar na farko?

Aikin wannan mako

Ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar za mu sake zama, in Allah ya kai mu. Kafin nan muna roƙon abu biyar. Kowa ya biya bashi ɗaya da ya san yana iya biya. Kowa ya duba mudunsa da sikelinsa. Wanda ya faɗa wa wani baƙar magana a zaman da ya wuce ya same shi tun kafin ranar, mu ma za mu fara da kanmu. Duk wanda aka karɓi tikiti a hannunsa ya adana takardar, ya rubuta rana da wuri da adadin kuɗin, ya kawo ofishin sakatare bayan sallar magariba, domin koke mai hujja ya fi koke mai hayaniya. Iyayen yaran da aka kama su zo da takardun babur, kuma su gaya mana gaskiyar abin da ya faru, daɗi ko ɗaci. A zaman, kowa zai sami minti uku, babba da yaro, kuma ba za a tashi ba sai an yi addu'a.

Allah ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya ko a kan kanmu ne. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, ya zaunar da garuruwanmu na asali lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shirya mana zuriya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure namu ne, kuma muna neman afuwar duk wanda maganar ta taɓa. Juma'a mai albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin kwamiti